Yadda ake koyon ginin tukwane a kan wil a Legas, tun daga ranar farko har kofi ya shigo hannu

Duk mai Murtala a jaka ta ɗauko ta juya bayanta. Matar nan da ke zaune tana aikin tukunya a bayan naira ashirin Ladi Kwali ce, Bagwariya daga garin Kwali, da hannu ta iya gini tun tana yarinya, sai a 1954 ta shiga makarantar tukwanen da wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, ya buɗe a tsohuwar Abuja wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a wurin kuma a can ta koyi aiki da wil, wato injin nan mai faifai da ke juyawa ana gina tukunya a kansa. A 1977 har jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa. Ni dai shekara da shekaru ina karɓar canjin nan a hannun kwandastan danfo ban taɓa kawo wa raina wata rana zan zauna gaban wil ba, sai bara da wata kwastoma ta ja ni. To tun da na jera kofunan da na yi a shagona na ɗinki a Agege kullum sai an tambaye ni, wai da gaske ke kika yi, a ina, ya ake yi, na gaji da maimaita baki shi ne na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya. Da mata nake magana amma maza ku ma ku ɗauka, aikin ɗaya ne.

Kafin ki biya ko kwabo

Aji iri biyu ne a yawancin situdiyo. Akwai na gwaji na rana ɗaya, awa biyu ko uku, wannan gaskiya rabin sa ɗaukar hoto ne, malamin ne zai yi kusan komai da hannunsa ke kuma ki tafi gida kina murna wai kin yi kwano. Ba laifi ki fara da shi don ki ga ko abin zai shiga ranki. Amma in koyo kike so sai kwas na makonni, sau ɗaya ko biyu a sati, don hannu ba ya ɗaukar wannan karatun a zama ɗaya.

Ki tambaye su tun a waya: kuɗin nan ya haɗa da toyi da gilez, wato ruwan ƙyallin da ake sa wa kofi, ko daban ake biya, don wasu sai kin gama gini za a ce miki toyi da kuɗinsa. Mutum nawa ne a kan wil ɗaya. Suna da janareta ko inbata, don wil ɗin lantarki in aka ɗauke wuta kina tsakar jan bango shi kenan kofin ya tafi. Sannan in ba ki son namiji ya riƙe miki hannu, ki faɗa tun farko ba kunya, saboda a wannan koyon malami yakan ɗora hannunsa a kan naki don ki ji ƙarfin da ake sawa. Ni mace na samu, Bayarabiya, Anti muke ce mata. Wata da muka shiga tare namiji ne malaminta, ta ce masa ya nuna a nasa wil ɗin ita ta kwaikwaya, kuma ta iya.

Maganar wuri, ki duba hanya kafin ki duba kyan situdiyo. Da yawansu suna can Lekki da Ikoyi, in daga Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba kike, goslo kaɗai sai ya sa ki daina a sati na uku. Ki nemi na wannan ɓangaren tukuna, wajen Yaba ko Ikeja, musamman yanzu da jirgin ƙasa na Red Line yake tsayawa a Agege da Ikeja da Yaba. A Yaba ɗin ma kwalejin fasaha ta Yabatech tana koyar da wannan fanni ga mai son ya yi shi a matsayin karatu sosai.

Shiga kuwa, ki yanke farce ƙwal, dogon farce yana tsaga yumɓu kamar reza. Ki cire zobe da awarwaro da agogo. Ki sa wando a ciki da doguwar riga wadda ba ki jin asarar ta, don zaman wil sai an buɗe ƙafafu an sa injin a tsakani, zani ba zai yi ba. Hijabi kuma don Allah ki sa ƙarami ki cusa bakinsa cikin riga ko ki ɗaure da efron. Ranar farko da dogon hijabi na je, na sunkuya, bakinsa ya taɓa yumɓun da ke juyawa ya fara naɗewa, Allah ya taimake ni Anti na kusa ta take birki, ba don haka ba da na sha jan wuya. In kin yi sabon lalle na biki ki bari sai bayan bikin, yumɓu yana cinye shi.

Cuɗa yumɓu

Ba a fara hawa wil. Za a ba ki curin yumɓu da wata siririyar waya mai katako a bakunan biyu, da ita ake yanka. Aikin farko cuɗawa ne, su suna ce masa wejin. Ki tsaya gaban tebur wanda bai wuce ƙugunki ba, ki ɗora tafukan biyu ki danna curin gaba da nauyin jiki, ki mirgino shi baya, ki sake dannawa, haka haka har ki ga ya yi kamar kan rago mai ƙaho biyu. Masu kwaɓa fulawa ku yi hattara a nan, a kwaɓin burodi ninkewa ake yi iska ta shiga, nan kuma iskar ake kora, don haka kar ki ninke, mirginawa kawai. Amfanin sa biyu, iska ta fita, sannan laushin ya zama ɗaya ko'ina, don in wani gefe ya fi wani tauri za ki sha wuya a kan wil ki rasa dalili. In kin yi kamar sau talatin zuwa hamsin ki yanka da waya ki duba, in babu ramuka ya yi.

Ki yanki kamar rabin kilo, girman babban lemu, ki mulmula. Ki yi guda huɗu ko biyar ki rufe da leda, don na farko da na biyu ba za su kai labari ba.

Saita shi a tsakiya, nan ne ake kuka

Wannan shi suke kira santarin, kuma duk wanda ya gudu daga ajin tukwane a nan ya gudu. Abin da ake so shi ne curin ya zauna daidai tsakiyar faifan wil ɗin, yana juyawa amma kamar a tsaye yake, ba ya kaɗa miki hannu.

Faifan ya zama a bushe, ko ɗan danshi kaɗan, in da ruwa a kai curin zai zame ya tashi sama ya bugi na kusa da ke, na gani da idona. Ki buga curin a tsakiya da ɗan ƙarfi, ki bubbuga gefensa da tafi ya manne. Ki matso da kujera har cinyoyinki su rungumi injin. Ki jiƙa hannu da curin, ki taka feda wil ya ɗauki gudu sosai, wannan ne kaɗai matakin da ake son gudu. In ke mai hannun dama ce juyin zai zama saɓanin tafiyar agogo.

To ga sirrin, kuma da an faɗa min shi da Hausa tun ranar farko da ban ɓata sati biyu ba. Ba ƙarfin hannu ba ne. Ki kafa gwiwar hannun hagu a cikin ƙugunki ko kan cinya, ki kafa ta kamar an buga ƙusa, sai ki sa gindin tafin hagu a gefen curin ta ɓangaren da ke kusa da ke, ki karkato da jikinki gaba. Ƙashin hannunki ne yake turawa da nauyin jiki a bayansa, ba tsoka ba. Hannun dama kuma a sama yana danna ƙasa da gefen tafi, kuma hannayen biyu su taɓa juna, babban yatsa a kan ɗan uwansa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni da na saba da keken ɗinki na ɗauka abin wasa ne, ashe a keke kayan ne suke bin hannuna, a nan kuma hannuna ne yake bin yumɓun, ya yi dama in yi dama ya yi hagu in bi shi. Anti ta tsaya a kaina tana kallo ta ce, Hajiya ke yumɓun ne yake tuƙa ki, tsaya cak ki bar shi ya zo ya same ki. Da na kafe gwiwar nan na daina binsa, wallahi cikin daƙiƙa kaɗan sai na ji ya yi shiru a tafina, kamar jaririn da ya gama rigima ya yi barci.

Za a koya miki ki matse shi da hannu biyu ya tashi sama kamar tsinin hula, sannan ki danna shi ya koma ƙasa, sau uku haka, yana ƙara daidaita shi. Ki riƙa ɗiga ruwa kar ya bushe ya kama miki hannu, amma kar ki yi masa wanka. Kuma duk lokacin da za ki ɗauke hannu, a hankali, in kika fizge zai goce ki koma farko. Gwajin ko ya saitu, ki rufe ido ki ɗora yatsa a gefe, in ba ya bugun yatsan to ya yi. Kar ki yaudari kanki ki ce ai kusan ya yi, ƙaramar gocewa a nan ita ce babbar karkata a sama.

Gefen hannunki zai ɗan goge da faifan ya yi zafi, musamman in yumɓun mai yashi ne, ki ɗan ɗaga shi kar ki danna a ƙarfen.

Buɗe ciki

Ki rage gudu zuwa matsakaici. Ki sa babban yatsa ko yatsu biyu a daidai tsakiya, ɗaya hannun yana tallafe, ki nutsa a hankali, ki ɗiga ruwa a ramin. Kar ki kai ƙasa, ki bar kauri kamar santimita ɗaya. Yadda ake aunawa, ki tsayar da wil, ki soka allurar aikin a gindin har ta taɓa faifai, ki zuro yatsa ya tsaya a kan yumɓun, ki zaro ki ga tsawon da ya rage. Sau biyu na huda gindin nawa har na hango ƙarfe, Anti ta ce ba komai kin yi tukunyar fulawa.

Daga nan ki ja yatsun zuwa wajenki a kwance don gindin ya yi faɗi, kamar faɗin kofin da kike so. Sai ki bi gindin nan da yatsu ko soso kina dannawa daga tsakiya zuwa gefe da komowa, sau huɗu sau biyar. Mutane suna raina wannan, ni ma na raina, sai da kwano na ya fito daga wuta da tsaga a gindi mai lanƙwasa kamar maciji na gane.

Jan bango

Yanzu wil ya koma a hankali, iya tsawon bango iya rage gudu. Hannun hagu a ciki, na dama a waje, duka a gefen dama, wajen ƙarfe uku zuwa huɗu in faifan agogo ne. Yatsan waje ya fara daga can ƙasa inda yumɓu ya taru, ya ɗan zama ƙasa da na ciki, ki matse kaɗan har ki ga wani zobe ya kumburo a saman yatsunki, sai ki hau da zoben nan sama, sannu sannu, wil ya zagaya aƙalla sau ɗaya kafin ki ƙara hawa. In kin kusa baki ki sassauta matsin, ki saki a hankali, sannan ki ɗan danna bakin da yatsa ya daidaita. Ja uku ya isa, in kika wuce biyar yumɓun ya sha ruwa ya gaji, zai zauna da kansa kina ji kina gani.

Juyi yana jan komai waje, don haka duk sabon hannu kwano yake yi ko bai yi niyya ba. Shi ya sa malamin kirki zai hana ki kwano ya ce sai kin iya miƙaƙƙen gwangwani tukuna, kamar na madara. In bakin ya fara buɗewa ki rungume shi da hannu biyu ki tattaro shi ciki. In kin iya wannan to kofi, jug, kaskon turare, tulu, duk daga nan suke fitowa.

Ki tsane ruwan da ya taru a ciki da soso, in kika bar shi gindin zai jiƙe ya tsage. In bakin ya yi tudu da kwari ki sa allura a hankali wil na juyawa ki yanke zoben sama. Ki bi gindin ta waje da ɗan katakon aikin ki kwashe yumɓun da ya bazu. Sai ki tsayar da wil, ki miƙe wayar da kyau ki danna ta a faifai ki ja ta ƙarƙashi. Ki bushe hannu kafin ki ɗaga, ko kuma in situdiyon na da faifan katako da ake ɗorawa a kai, ki ɗauke da shi gaba ɗaya ya fi sauƙi.

Abin da ya fi min ciwo kuma ya fi min amfani, ranar da na yi gwangwani na farko da ya tsaya, ina shirin ɗaukar hoto in tura wa Umma, sai Anti ta sa waya ta raba shi biyu daga sama har ƙasa. Na kusa yin kuka. Ta nuna min cikin, ƙasa kauri kamar katanga sama kuma kamar takarda, ta ce ga inda yumɓunki ya ɓuya, gobe daga nan za ki ɗebo. Ki yarda a yanka naki, ko ki yanka da kanki. Ba asara ba ce, muddin bai shiga wuta ba ana jiƙa shi a sake cuɗawa ya koma sabo.

Bushewa, da yadda iskar Legas take wasa da mutum

Bayan kwana ɗaya ko biyu ko uku, ya danganta da yanayi, abin da kika gina zai kai wani tauri kamar na sabulun wanki, ba ya lotsawa amma farce na shiga. A wannan lokacin ake fere gindi. Ki kifa shi a kan wil, ki saita shi a tsakiya, ki tokare da 'yan curi uku a gefe, yatsa ɗaya a sama yana danne shi, ki sa ƙarfen feraya. In taurin ya yi daidai za ki ga yana fita zare zare kamar ɓawon dankali. In yana manne wa ƙarfen bai kai ba, in yana fita gari gari ya wuce. Ki riƙa ƙwanƙwasa gindin da yatsa, in ƙarar ta fara zama kamar ta ganga ki tsaya, kin kusa hudawa.

A wannan taurin kuma ake sa mariƙi. Ki karce wurin da za a manna da bakin mariƙin duka biyu, ki shafa kunun yumɓu, wato yumɓun da aka dama da ruwa, ki danna ki shafe gefen. Ki rufe da leda kwana biyu don su bushe tare, in ba haka ba mariƙi ya riga jiki bushewa ya ɓalle. Ki rubuta sunanki a gindi, don a kan shelf kofin kowa kama yake da na kowa.

To a nan Legas ta bambanta da gida. A Kano ko Katsina da rani abu zai bushe kafin ki juya, a nan kuwa da damina, wajen Yuni da Yuli, iska cike take da ruwa, kofi sai ya yi sati biyu yana sanyi. Kar ki matsa wa masu situdiyo su sa miki a wuta don kina sauri. Ki kara shi a kumatu, in kin ji sanyi akwai ruwa a ciki. Ruwan nan in ya kai digiri 100 ya zama tururi ya rasa hanyar fita shi ne yake fasa kaya a matoya, kuma ba naki kaɗai zai fashe ba har na maƙwabta, ki jawo wa kanki baƙin jini. Da hunturu kuma, Disamba da Janairu, abin ya juya, baki ya bushe gindi na jiƙe sai tsaga, lokacin ne ake lulluɓe leda sakwa-sakwa. Fanka da rana kai tsaye duk ba a so.

Wuta ta farko da gilez

Toyin farko suna ce masa biskit, ba na ci ba dai. Matoyar tasu, kilin, akwai ta lantarki akwai ta gas, ana hawa da zafi a hankali har wajen digiri 1000. Daga nan yumɓu ya tashi daga yumɓu, ko shekara ya yi a ruwa ba zai narke ba, amma yana shan ruwa kamar randa. Ɗalibi ba ya taɓa matoya, su za su yi, kuma sai ta cika suke kunnawa, shi ya sa ake jira.

Gilez shi ne ruwan ƙyallin nan, asalinsa garin duwatsu ne da aka dama wanda in ya ji wuta yake narkewa ya zama gilashi a jikin kofi. Launin da ke cikin bokiti ba shi ne zai fito ba, wani ruwan toka ne a bokiti ya fito shuɗi shar, don haka ki duba 'yan gutsattsarin gwaji da suke ratayewa. Kobal ke ba da shuɗi, tagulla kore, ƙarfe kuma ruwan ƙasa. Ki goge ƙurar kofin da soso mai danshi, ki dama gilez ɗin har ƙasa don yana kwanciya, kaurinsa kamar koko mai ɗan ruwa. Ki fara zuba a ciki ki juya ki zubar, sannan ki tsoma wajen ki ƙirga ɗaya biyu uku ki fitar. Kar ki taɓa sai ƙyallin ruwan ya tafi. Sai babban abu, ki goge gindin tas da soso, har ki ɗan hau kamar rabin santimita a gefe, don gilez yana gangarowa a wuta, in ya taɓa shelf ya manne sai da guduma, kofin ya tafi shelf ɗin mutane ya lalace.

Ki tambaya da bakinki ko gilez ɗin na cin abinci ne, ba dalma a ciki. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Wanda ba a tabbatar ba ki bar shi a kan abin ado.

Wuta ta biyu in yumɓun mai ƙarfi ne tana kaiwa digiri 1200 zuwa 1280, kuma sai matoya ta huce da kanta kafin a buɗe, kwana guda ko fiye. Kofin zai fito ya tsuke, tsakanin bushewa da wuta yumɓu yana raguwa da wajen kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari, nawa na farko da na yi niyyar na shayi ne ya dawo na gahawa. Don haka ki gina ya fi yadda kike so girma. Daga ranar gini zuwa ranar karɓa ki sa sati uku zuwa huɗu a ranki, da damina ma fiye.

Abu biyu da 'yan uwa suke yawan cewa za su yi. Randa ko tulu na sanyaya ruwa, kar ki sa masa gilez, sanyin randa daga tsattsafowar ruwa ta jikinta yake iska na busarwa, in kika toshe da gilashi kin kashe amfanin. Kaskon turaren wuta kuma ki faɗa wa malama tun farko garwashi za a zuba, don yumɓun da aka toya da zafi sosai bai cika jure zafin gefe ɗaya ba, jan yumɓu irin na gida ya fi dacewa, ki bar cikin ba gilez, ki zuba toka ko yashi kafin garwashi.

Tsabtar wuri da ta jiki

Ba a share busasshen yumɓu da tsintsiya, ƙurarsa tana da sinadarin silika mai lahani ga huhu in aka daɗe ana shaƙa, da jiƙaƙƙen soso da mofa ake bi. Ba a zuba ruwan yumɓu a sinki, yana toshe bututu, akwai bokitin da ake tarawa, a ciki za ki fara wanke hannu. In lokacin Azahar ya same ki a can, yumɓu dai ƙasa ce ba najasa ba, amma ki kankare wanda ya bushe a hannu da gefen farce da gwiwar hannu kafin alwala don ruwa ya taɓa fata, ki je da sallaya da wani hijabin a leda don na jikinki zai sha feshi. Ki riƙe man kaɗanya a jaka, yumɓu yana busar da hannu ba kaɗan ba. Bayanki ma zai yi ciwo satin farko, ki riƙa miƙewa bayan kowane curi.

Ranar karɓar kaya ki tafi da tsohon zani da kwali. Ki naɗe kowanne daban, ki cusa tsumma a ciki, mariƙin ya samu nasa naɗin, kwalin kuma a kan cinyarki zai zauna, kar ki yarda kwandasta ya ce kawo a sa a but. Ni kofi huɗu na ɗauko ranar, a leda kawai, uku suka iso Agege. Cikin ukun Umma ta ɗauki mai karkataccen bakin ta juya shi ta duba gindi ta ƙwanƙwasa da farce ta ji ƙarar, ta ce wannan ai ya fi ƙarfin shayi, ta zuba goronta a ciki.